Hannun Aro a Ɗakin Jarrabawa

Shekara arba'in da ɗaya na yi a gindin mangwaro, ƙofar ofishin filaye na birnin Rajshahi, ina rubuta wa mutane takardun koke. Munshi Kutubuddin ake ce mini, Munshi wato magatakarda, kuma duk wanda ya ga yadda nake ɗora tabarau a karan hanci zai rantse na sha boko na ƙoshi. Sana'ar ba ta da wuya. Mutum ya zo da maganarsa tsirara, in sa mata riga da hula. Ya ce an cuce shi, ni kuma in cika masa shafi biyu da mai girma, mai daraja, bawanka mai ƙasƙantar da kai. Na daɗe da yarda cewa talaka bai iya faɗin damuwarsa ba sai na gyara masa.

Wata Laraba cikin damina na jiyo ƙwanƙwasar sanda tana nufo ni. Shiuli ce, 'yar marigayi Jobbar, mutumin wani tsibirin yashi da ke tsakiyar kogin Padma. Ƙyanda ta tafi da idanunta tun tana shekara huɗu, amma ga ta a ajin ƙarshe na jami'a, tana karanta ilimin ƙasa.

"Kaka, tun daga kwana na jiyo tarinka. Ashe dai ba ka mutu ba."

"Ja'ira! Sai na ci shinkafar bikinki. Me ya fito da ke cikin ruwan nan?"

Ta zauna a bencin masu koke. Gobe takardarta ta ƙarshe, ta ce, kuma yarinyar da ke rubuta mata jarrabawa ta kwanta da ƙarambau. Ofishin kula da ɗalibai masu lalura ya duba duk sunayen da ke hannunsa, kowa an riga an haɗa shi da wani. Dokar kuma ɗaya ce: wanda zai ara wa makaho hannu dole karatunsa ya gaza na mai jarrabawar. In ba ta samu kowa ba kafin la'asar, sai baɗi.

"Na san kai ka fi ƙarfin dokar, tunda an ce har babban birni Dhaka ka je karatu. Amma ko ka san wani mai ƙaramin karatu?"

Na dubi hagu, na dubi dama. Mai shayi yana can yana fama da murhunsa. Na sassauta murya na faɗi abin da har matata ta rasu ba ta ji ba.

"Aji takwas na tsaya."

Ta tuntsire da dariya har sandarta ta faɗi. "Wallahi na daɗe da sani, tsoho. So nake kawai in ji daga bakinka."

Kunya ta kama ni, amma na je gida na tono takardar shaidar aji takwas ɗin daga ƙasan akwati, duk ta yi ja kamar an jiƙa ta da shayi. Muka kai wa Malama Nasrin, shugabar ofishin ɗalibai masu lalura, ta juya ta gaba da baya, ta buga hatimi.

"Baba, ka saurare ni da kyau," in ji ta. "Ɗaki daban za a ba ku, da ƙarin rabin awa, ni ce kuma zan zauna da ku. Abin da ta faɗa shi za ka rubuta. Kalma ɗaya ta kanka in ta zauna a takardar nan, sokewa zan yi, shekara huɗun yarinyar nan ta tafi a banza."

Na ce mata ai wannan wasan yara ne. A raina kuwa har haushi na ji, wai ni ake koya wa riƙon alƙalami.

Washegari aka sa mu a wani ɗaki na ƙasa mai taga ɗaya. Ruwa yana sauka a hankali a kan ganyen ayaba, fanka tana juyi kamar ba ta so. Malama Nasrin ta karanta tambayoyin sau biyu. Shiuli ta haɗa tafukanta a kan tebur, ta ɗan karkata kai, ta fara.

Tambayar farko ta wuce lafiya, sunayen koguna ne da inda suke haɗuwa. A ta biyu hannuna ya tuna gida. Ta ce, "Yashi yana taruwa inda ruwa ya gaji." Na ga jimlar ta fito ba ko takalmi, kafin in ankara alƙalami ya ci gaba da kansa, yana ƙara mata bisa ikon Mai sama da hikimarsa mabayyaniya.

"Kaka."

"Na'am?"

"Kalma bakwai na faɗa. Alƙalaminka ya yi tafiyar goma sha huɗu."

Malama Nasrin ta miƙe daga kujerarta. Ta tsaya a kaina ta karanta.

"Ja layi a kai, ka sa hannu a gefe," ta ce. "Tunda ita ta kama ka, na bar wannan. Babu na biyu."

Na ja layin, na sa hannu. Tun daga nan na daina sauraron kaina, na koma sauraronta.

Ban san lokacin da ɗakin ya ɓace mini ba. Tambaya ta ƙarshe a kan zaizayar gaɓa ce da rayuwar mutanen tsibiran yashi, kuma muryar Shiuli ta yi ƙasa, ta yi laushi, kamar mai ba da labari ga wanda barci ke ɗauka. Tana faɗa, ina ganin abin a kan takarda. Tsibiri yana ɗagowa daga ruwa da rani, fari fat, ba kowa a kansa sai tsuntsaye. Ciyawa ta zo, mutum ya biyo ta da akuya da kwanon rufi a cikin kwalekwale. Ya shuka gyaɗa da kankana, ya haifi 'ya'ya, ya sa wa wurin suna. Sannan wata damina ƙasa ta fara magana a ƙarƙashin tabarma. Ta ce mai ido yana jiran ya ga tsagewa, amma ita da tafin ƙafa take jin gaɓa tana saki, kwana biyu kafin kowa. Na ji ƙamshin laka. Na ji kamar teburin yana lilo da mu a tsakiyar Padma, ni da ita da malamar da agogonta, ruwa yana wucewa ta ƙarƙashinmu ba gaggawa.

Sai ta ce, "Misali. Wani manomi ya bayyana asararsa da cewa: kogi ya cinye gonata ranar Talata, da kabarin mahaifiyata a ciki."

Alƙalamin ya tsaya.

Na san maganar nan. Shekara goma sha biyar da suka wuce Jobbar ya tsaya a gindin mangwarona, zanensa jiƙe har gwiwa, wata 'yar yarinya tana riƙe da gefensa, ya faɗa mini ita daidai haka. Na ga ta yi ƙauyanci. Na rubuta masa shafi uku masu kyau, babu Talata, babu kabari. Ya dangwala yatsa ya yi godiya, ya yi ta zuwa duba amsa har ƙafarsa ta ɗauke.

"Kaka, lokaci," Shiuli ta ce a hankali. "Ban ji ka ba."

Na rubuta. Kalma goma sha ɗaya, ina ƙirgawa, ita ma na san tana ƙirgawa. Hawaye ya taru mini a bayan tabarau, na kawar da kai don kada ya ɗiga ya ɓata mata tawada.

Da lokaci ya cika Malama Nasrin ta sa na karanta mata komai daga farko. Shiuli ta saurara har ƙarshe, ta ce nata ne. Malamar ta sa hannu, ta liƙe takardar a cikin ambulan.

A waje ruwan ya tsagaita. Shiuli ta kama gwiwar hannuna muka bi ta ƙarƙashin itatuwa, suna yayyafa mana abin da ya rage.

"Kina tune da ranar?" na tambaye ta.

"Ina tune. Baba ya yi shiru, alƙalaminka bai yi ba. A hanyar gida na tambaye shi me kake ta rubutawa haka, ya ce ai Munshi ya fi mu sanin abin da ya same mu."

Muka yi 'yar tafiya, sandarta tana taɓa ƙasa.

"Yau dai an kai maganarsa," ta ce. "Taka a hankali, tsoho, akwai rami a gabanka."