Besfar Baba Albert

Kakana Malam Isiyaku ya shekara talatin yana ɗaukar hoto a Kakuri, tun masaƙu na aiki. Da ya rasu, gadona akwatin ƙarfe ne cike da tsoffin hotuna. Na ce to, ran Asabar za a baje su a tsohon shagonsa, kowa ya zo ya ga ubansa lokacin yana da gashi.

Ran Juma'a ina cikin liƙawa sai ga Baba Albert, maƙwabcinmu, tsohon ma'aikacin masaƙa. Duk layinmu an haddace labarin besfarsa. Hoton na nan a falonsa: shi a kai, wando mai faɗin ƙafa, suma kamar kwando. Wannan hoton ya aika ƙauye, da shi ya samu matarsa Mama Scholastica. In ka tambayi besfar, sai ya ce ɓarayi suka sace ana saura kwana uku biki.

Ya kalli bango ya tsaya cak. Mutum goma sha tara, kowa a kan besfa ɗaya, lamba ɗaya, madubi ɗaya a karye. Ta kakana ce. Ko inji babu, turo ta ake yi gaban labule mai zanen jirgin sama.

Na ce, "Baba, ashe haya kake ba da ita?"

"Auwal, sauke su."

"Haba Baba, tarihi ne fa."

"Tarihin gidanku! Shekara arba'in da uku matar nan na tsine wa ɓarayi saboda ni. Gobe za ta zo nan."

Bakina ya yi ƙaiƙayi, amma na kwashe su na zuba a kwali, na tura ƙarƙashin tebur.

Asabar shago ya cika. Mama ta shigo da gilashinta, Baba na biye kamar mai rakiyar asibiti. Ta duba hoton gadar Kaduna, ta duba na 'yan mata masu kwalliyar da, sai ta juyo.

"Kai Auwal, ina 'yan besfa?"

Baba ya kama tari.

Na ce, "Wace besfa, Mama?"

"Ka ga ɗan nan. Kwalin da kake takewa fa?"

Ta jawo shi da kanta, ta zauna tana zarowa. "Ga Daniel. Ga Tony mai kunne. Duk sun aiko min. Hoto uku na samu a wata ɗaya, madubi ɗaya a karye."

Baba ya ce, "Kin sani?"

"Albert, 'yar ƙauye ce ni, ba makauniya ba."

"To me ya sa ni?"

"Su sun hakimce kamar tasu ce. Kai dubi yadda ka riƙe ta, kamar za ta cije ka. Na ce wannan ƙarya ba ta zauna masa ba, zan iya da shi."

"Tsinuwar fa?"

"Ai fuskarka nake kallo in ina yi. Lokacin ba mu da talabijin."

Shago ya kaure da dariya. Baba ya cire hula, ya mayar, ya miƙo min kwalin.

"Liƙa su. Amma nawa a sama, ni na fara hawa."

Na juya bayan hotunan, inda kakana ke rubuta kwanan wata. Shi ne na goma sha ɗaya. A sama na liƙa shi.