Bugu na Uku

Koci Odell ya cusa hannuwansa biyu cikin aljihun wando, ɗakin sauya kaya ya yi tsit. Ba tsit na kunne ba, don a Makarantar Kurame ta Pine Hollow ba a san wannan ba. Hannuwa ne suka tsaya. Yaran da ke ta musu da yatsu, kowa na ɗora wa ɗan'uwansa laifi, suka daskare suna kallon aljihun nan. Da waɗannan hannuwa Koci yake faɗa, da su yake yabo, da su yake kiran kowane wasa daga gefen fili. Yau ga su a ɓoye.

Abin da ya faɗa kafin ya ɓoye su ba shi da yawa. Ya nuna Tavon, mai jifan ƙungiyar a wasan nan da ake rungumar ƙwallo a ruga da shi ko a jefa, yaro ɗan shekara sha shida da kowa ke kira Zomo saboda kunnuwansa.

"An ci rabin wasa, suna gabanmu. Duk abin da na kira, kafin mu motsa sun iso. Ni daga gefe nake kallo, kai kuwa kana ganin idanunsu. Daga yanzu kai ne mai kira. Gudu, jifa, duk naka ne." Ya ɗan tsaya, bai dubi bakin ƙofa ba. "Har ganga. In kana so ka yi da ita, in ba ka so ka ajiye."

A bakin ƙofar nan Hollis Tarver yake tsaye, makaɗi a hammata. Shi ma kurma ne, ya ga maganar sarai.

Tun kafin a haifi iyayen wasu yaran nan Hollis ke kaɗa wa ƙungiyar ganga, har sunansa ya ɓace, ya koma Baba Tsawa. Masu ji, in sun jeru, mai jifansu ihu yake yi su zabura tare. Su kuwa kurame ganga ce ihunsu. Ƙatuwa ce, sai mutum biyu ke sauke ta daga mota. Koci zai nuna wa Hollis yatsu a ƙirji, ɗaya ko biyu ko uku, shi ne bugun da za a tashi a kai. Bugun kan bi ta ƙasa ya hau ƙafafun yara ya zauna musu a ƙirji, sai su fashe gaba ɗaya kamar an buɗe wa ruwa madatsa. Makarantu da yawa sun daina, sun koma taɓa cinya da kallon ƙwallo. Hollis ya sani. Bai dai taɓa zaton makomar gangarsa za ta faɗa hannun yaron da shi ya koya wa ɗaure takalmi ba.

Rudy, ƙaton da ke miƙa ƙwallo ta tsakanin ƙafafu, ya dafa kan Zomo ya girgiza shi.

"Kai! An naɗa Zomo sarki! Ranka ya daɗe, a taimaka a kira wasan da ba sai na yi gudu ba."

"Kai da gudu ai ko kare ya biyo ka sai dai ku sasanta," in ji Zomo. Yana dariya.

Da suka zo fita, Hollis ya tare shi.

"Yaro, yaya za mu yi?"

"Baba, ka dai riƙa kallona."

"Amsa ke nan?"

"Ita ke gare ni yanzu." Ya kifa hular kwano ya ruga.

Rana ce ta Asabar, ranar da tsofaffin ɗalibai ke dawowa gida. Hayaƙin gasasshen haƙarƙari ya lulluɓe bayan bencin 'yan kallo, mata na zuba shayi mai ƙanƙara, tsofaffi na hira daga wannan ƙarshen fili zuwa wancan ba tare da kowa ya tashi daga mazauninsa ba. A ɗaya gefen 'yan Dry Fork ne, masu ji, da jajayen riguna. Rabon da Pine Hollow ta doke su, gashin Hollis baƙi ne wuluk. Jolene, 'yarsa, wadda ita mai ji ce, ta ɗago masa faranti daga benci.

"Baba, burodin masara zai huce!"

Ya kaɗa mata hannu, ya tsaya a bayan ganga.

Yara suka haɗa kai a da'ira, suka kare hannun Zomo da jikinsu. Suka watse suka jeru. Hollis ya ɗaga makaɗi yana jiran yatsu. Zomo bai ko waiwayo ba. Ya sunkuya, ya taɓa cinyar Rudy, ƙwallo ya fito.

Jajayen riguna suka makara. Mai gudu ya ratsa ta tsakiya ya ci yadi bakwai kafin su kayar da shi. Benci ya ɗauki rawa, ƙafafu na dukan katako, hannuwa sama suna kaɗawa kamar ganye. Hollis ya sauke makaɗi a hankali.

Haka aka yi ta yi. Zomo ya kira gudu, ya kira jifa gajere, ya kira wani wasa da suka ƙirƙira a bayan ɗakin kwana wanda Koci bai taɓa gani ba. Koci ya zabura, hannunsa na dama ya fito har wuyan hannu, ya cije leɓe ya mayar. Suka ci maki, tazara ta ragu. Amma rashin ganga na da nasa ciwon. Yaran da ke can baki-baki ba sa hango ƙwallo sosai, wani ya riga, wani ya makara. Sau biyu alƙalin wasa na jefa ƙyallensa rawaya, alamar laifi, yana mayar da su baya. Sau ɗaya mai karɓar jifa bai ma tashi ba, ƙwallo ya faɗi a ciyawa ba kowa. Duk lokacin da haka ta faru Hollis kan gyara tsayuwa, ya share fatar ganga da tafin hannu. Zomo bai duba ba.

Wani tsohon abokinsa ya yi masa magana daga benci: "Tsawa, in ka yi ritaya ka sayar mini da ita, matata na neman abin shanya!"

Hollis ya mayar masa da amsar da ta sa Jolene ta rufe idon ɗanta. Amma makaɗin ya yi masa nauyi a hannu, bai san inda zai sa shi ba.

Lokaci ya kusa ƙarewa, Dry Fork na gaba da maki kaɗan. Sau huɗu ake ba ƙungiya ta ci yadi goma, in ta kasa ƙwallo ya koma hannun abokan karawa. Pine Hollow ta yi uku, saura ɗaya, saura yadi uku, ga layin ƙarshe na cin maki can gaba kaɗan yana ƙyalli da farin fenti. Kowa ya miƙe tsaye. Koci Odell na safa da marwa, aljihunansa sun kumbura da dunƙulallun hannuwa.

Da'ira ta daɗe. Da ta watse, Zomo ya juyo, ya nemi idon Hollis, ya ɗora yatsu uku a ƙirji.

Jinin Hollis ya tashi. Ya tofa yawu a tafi, ya ware ƙafafu. Mutanen benci suka ga ya ɗaga makaɗi, nan take suka daina buga ƙafa, kamar yadda aka saba, don kada su ɓata wa yara abin da ƙasa za ta kawo musu. Filin ya natsu.

Ɗaya. A hankali.

Biyu.

Ya ja numfashi har ƙasan ciki, ya miƙe a kan yatsun ƙafa, ya sauke na uku da duk abin da ya tara tun rabin wasa. Bugun ya hau hannunsa har haƙora.

Ba yaronsa ko ɗaya da ya motsa.

Suna nan a sunkuye kamar gumaka, ƙwallo a ƙasa ƙarƙashin hannun Rudy. Jajayen riguna huɗu kuwa sun riga sun tsallako layi, ɗaya ya yi karo da Rudy ya faɗi wanwar, ɗaya na ta jujjuya hannu a iska yana neman komawa. Ƙyalle rawaya ya tashi sama. Wanda ya tsallako kafin ƙwallo ya motsa, shi ke da laifi. Alƙali ya ɗauki ƙwallo ya taka yadi biyar gaba. Sabon zagaye, wani sau huɗun kuma!

Benci ya haukace. Hollis bai ga komai a ciki ba. Ya durƙusa yana laluben fatar ganga, ko ta fashe ne. Lafiyarta lau. To me ya hana su ji? Kunya ta rufe shi, a gaban tsofaffin ɗalibai, a gaban jikansa. Koci ya taɓa shi da ƙafa, ya nuna fili da haɓa.

Zomo ne. Yatsu uku a ƙirji, kuma.

Hollis ya tashi. Wannan karon sai sun ji, ko da fatar za ta yage. Ya ɗaga makaɗi, ya ajiye ƙarfinsa don na uku, ya sauke na farko sama-sama.

Suka fashe.

A bugun farko suka tashi, su goma sha ɗaya, kamar mutum ɗaya. 'Yan Dry Fork, da suka ƙone sau ɗaya, suna zaune a kan dugadugansu suna jira. Rudy ya ture na gabansa kamar buhun auduga. Zomo ya ja baya, ya yi kamar zai miƙa wa mai gudu, ya ɓoye ƙwallo a kwankwaso, ya karkata dama. Can kusurwa wani siririn yaro ya ɓalle shi kaɗai, hannuwa sama. Ƙwallon ya tashi yana juyi a cikin hasken la'asar, ya daɗe a sama har Hollis ya manta da numfashi, sannan ya sauka cikin hannuwan nan a bayan farin layi.

Ƙasa ta girgiza. Hollis ya ji ta a gwiwoyinsa, ba kuwa shi ya buga ba. Hannuwan Koci Odell suka fito daga aljihu da ƙarfin da ya yage ɗinki, suna zuba magana ba kai ba gindi. Tsofaffi suka dira daga benci, wata tsohuwa ta jefar da sandarta. Shayi ya zube, faranti ya kife, aka ɗaga Zomo sama aka yi ta yawo da shi.

Da ƙyar ya sauko. Ya ratso jama'a, gumi na ɗiga daga kunnuwansa, ya tsaya gaban ganga.

"Baba Tsawa! Ka ga aikinka?"

"Aikina? Ka ce mini uku, ka ce musu kada su motsa. Ka sake ce mini uku, ka ce musu ɗaya. Ni za ka mayar abin wasa, ɗan nan?"

"Da na gaya maka gaskiya, da ba ka yi ba."

"Da ban yi me ba?"

Zomo ya kama hannun hagun tsohon, ya ɗora masa a maƙogwaronsa.

"Buga na gaske."

Hollis ya harare shi. Ya ja numfashi, ya ɗaga makaɗi. Kafin ya sauke, wani abu ya yi ruri a ƙarƙashin yatsunsa, mai kauri, kamar injin tarakta. Ya saki wuyansa kamar ya taɓa wuta.

"Kullum kana yi kafin bugun da za a tashi a kai," in ji Zomo. "Ran da aka kawo ni makarantar nan ina ta kuka, ka zaunar da ni a cinyarka kana kaɗawa. Bayana na jingine da ƙirjinka. Tun ranar na san shi. Yau na ga babban 'yan Dry Fork ba ƙwallo yake kallo ba, kansa a karkace yake wajenka yana sauraro. Mu muna jiran ganga, su suna jiranka."

Hollis ya juya ya nemi Jolene. Tana tsaye da farantin da ya huce.

"Ana ji?"

"Har wajen ajiye motoci, Baba."

"Shekara da shekaru! Ba ki taɓa faɗa mini ba?"

Ta dubi ƙasa, sannan ta ajiye farantin don ta sami hannu.

"Ita kaɗai ce muryarka da na sani. Na ji tsoron ka daina."

Hollis ya ɗaga hannu zai amsa, sai Rudy ya faɗo tsakaninsu yana haki.

"Baba, wai da gaske kuka kake kamar saniya? Wallahi yau na yi baƙin cikin rashin kunne!"

Hollis ya kai masa makaɗi a hular kwano, yara suka tarwatse da dariya. Ya riƙo rigar Zomo kafin ya bi su.

"To, mai kira. Mako mai zuwa fa?"

"Ka zo da ganga. Ka zo da maƙogwaron ma." Ya ɗan ja baya yana murmushi. "Sai dai kada ka tambaye ni wanne ne na gaske."

Jama'a suka koma wajen nama. Fili ya rage daga Hollis sai ganga, sai tsuntsaye da suka jeru a kan shingen waya suna jiran ɓarɓashin burodi. Ya kamata ya kira wani su ɗora ta a mota. Ya tsaya yana shafa wuyansa. Yanzu da ya sani, wataƙila rurin ba zai sake fitowa ba. Wataƙila yaron ya kashe abin da hannunsa.

Ya waiwaya, ba mai kallonsa. Ya ware ƙafafu. Ɗaya. Biyu. Ya ja numfashi, ya ɗaga makaɗi sama.

Tsuntsayen suka tashi fir, makaɗin bai kai ga fata ba.