Finafinan da Davou Ya Kai Gwanjo

Ranar Juma'a Dorkas ta dawo daga aikinta na asibiti, ta sauka ɗakin ƙasa na gidansu a garin Clinton, ta tarar da kantar tsofaffin finafinanta na Indiya wayam. Shekara goma sha tara ta yi tana tara su, kaset-kaset na zamanin hoto baƙi da fari, labaran alloli masu soyayya da 'yan Adam.

"Baban Becky, ina finafinaina?" ta tambayi mijinta Davou.

Ya ce ya kai su shagon gwanjo a Takoma Park, don matan zumunta na coci za su zo gobe, ba ya so su ga hotunan gumaka a gidansa.

"Gidanka? Ni haya nake yi? Na allahiyar kogin nan da ta so masunci, wani tsohon Ba'indiye ne ya ba ni a Kaduna. Na duba ko'ina, babu irinsa!"

Ta fizgi makullin mota tana huci. A shagon, mai tsaron wurin ta ce wani ɗalibi ya kwashe kusan duka, bai bar suna ba. Huɗu suka rage, babu na kogin a ciki. Ta saye su ta dawo da su gida.

Washegari Dorkas ta jera su a falo. Da matan suka gama addu'a, ta kunna ɗaya. Biyu suka tashi suka fita, sauran suka gyara zama. Davou kuwa, sai da ta yi mako uku ba ta ce masa uffan ba.