Kafaɗar Kofur Kombo

Tun ƙarfe tara na safe aka tsayar da Kofur Kombo a bakin wata 'yar kafa da aka bari a jikin katangar kwano, kuma umarnin da aka ba shi ba mai wuyar riƙewa ba ne: ko kaza kada ta taka kwalta sai ayarin shugabanni ya wuce.

Katangar sati biyu ke nan da kafa ta. Shugabannin ƙasashe ashirin da wani abu ne suka zo Dar es Salaam taro a kan yadda teku ke cin garuruwan gaɓa, sai wani mai hikima a ofis ya ga bai dace idon baƙi ya faɗa kan unguwar Kwa Dunga ba, wadda ita ce ruwan ke shigar wa har ƙarƙashin gado duk damina. Aka jera kwano tsawon rabin mil, aka fente shi da hoton bishiyar kwakwa da farin yashi da wasu yara masu dariya. Daga titi abin gwanin sha'awa. A bayansa kuwa dubban mutane ne ke dahuwa, da mafita ɗaya tak, wadda Kombo ke gadi tare da Shomari, abokin aikinsa tun suna kurata.

Shekarar Kombo ashirin da uku a aikin ɗan sanda, kuma abin da ya tara a ciki shi ne igiya biyu a hannun riga da takardar gargaɗi biyu a fayil. Ta farko, ya bar wata mai kifi ta gudu da kwandonta ranar da ake korar 'yan talla. Ta biyu, ya buɗe wa bajaji, wato adaidaita-sahu, mai ɗauke da mace mai naƙuda hanyar da aka rufe. Da safiyar nan Sufeto Mwakalinga ya ja shi gefe ya ce, "Kombo, matsalarka tausayi. Ta uku ba gargaɗi ba ce, kora ce, kuma kwana bakwai ake ba mutum ya bar bariki. Ka ji ni?" Ya ji. A barikin nan yake da ɗaki biyu, shi da matarsa Tunu da 'ya'ya mata uku, babbar, Zuhura, saura wata guda ta zauna jarrabawar gama sakandare. Ba shi da fili a birni, ba shi da gida a ƙauye. Tsoron rasa ɗakunan nan ya fi rana ƙona shi.

Wajen sha biyu wani tsoho ya fito daga lungu, farar riga har ƙasa, hula a karkace. Mzee Pazi ne, wanda ba a aure ko rasuwa a Kwa Dunga sai da saninsa.

"Afande, sannu da rana," ya ce, kamar yadda kowa ke kiran ɗan sanda. "Bi Chiku ta cika da asuba."

"Mai wainar shinkafa? Innalillahi."

Kombo ya san ta. Duk wanda ya taɓa yin aikin safe a wannan titin ya ci wainarta, kuma ya sha baƙar magana a kai kyauta.

"An gina kabari tun da sassafe, kafin ku rufe," in ji tsohon, ya nuna maƙabarta da haɓa. Tana can tsallaken titi, layi shida na kwalta tsakani. "Ka ga dai zafin nan. Yaushe za mu wuce?"

Kombo ya ciro oba-oba ya kira Sufeto. Sufeto ya ce ƙarfe uku an tashi taro, uku da kwata ayari ya wuce.

"To Baba, ku yi mata salla bayan la'asar ku ɗauko ta. Lokacin hanya a buɗe take."

"Maganarka ce?"

"Maganata ce."

Uku ta yi, ko keke bai gifta ba. Shomari ya kunna rediyon wayarsa, ya kara a kunne, ya tuntsire da dariya.

"Ka ji mutanenka. Wai an gama maganar teku tun ɗazu, yanzu rigimar wace ƙasa ce za ta karɓi taro na gaba ake yi."

Kombo ya ce, "Su ba mu mana. Ga katanga a fente, sai a bar ta."

"Kai dai ka yi shiru, kada su ji su yarda."

Dariyar Kombo ba ta kai ciki ba. Ya san ya kamata ya aika a ce wa Mzee Pazi su dakata. Amma kowane minti sai ya ce yanzu za a ji jiniya, kuma babu daɗi mutum mai furfura ya janye maganar da ya bayar. Yana cikin wannan jinkirin aka kira la'asar, aka sallame. Can sai ya jiyo ta daga cikin lungu, kalmar shahada a bakin maza da yawa, tana tahowa a hankali.

A nan ba a ɗaukar makara a yi ta tafiya da ita mutum huɗu. Maza ne ke jeruwa sahu biyu, tana bi ta kan kafaɗunsu, wanda ta bari ya zagaya gaba ya sake jiran ta. Duk namijin da ta iske a hanya, ya san mamacin ko bai sani ba, sai ya sa kafaɗa ya yi taku biyu uku, wani ya karɓe shi. Haka makarar Bi Chiku ta gangaro, an lulluɓe ta da zanenta mai ja da baƙi, har sahu ya ƙare a gaban Kombo.

Ya ware hannu biyu. "Baba, ku yi haƙuri. Ba su wuce ba."

"Kai ka ce mu ɗauko."

"Na ce. Ni ma haka aka ce min. Ku koma da ita masallaci, in an buɗe ni da kaina zan zo in faɗa muku."

"Afande, daga ina ka fito? Wadda ta bar gida ba ta komawa, kai ma ka sani. Kuma dubi lungun nan, a ina za ta juya?"

Gaskiya ne. Tsakanin katanga da gidaje, da ƙyar mutum biyu ke jerawa.

"To ku sauke ta."

Mzee Pazi ya dubi ƙasa. Baƙin ruwan kwatami ne ke bin tsakiyar lungun, har ya jiƙe wa mutane bakin riga.

Suka tsaya a haka. Makara a sama, ana canjin kafaɗa a wuri ɗaya, gumi na tsiyaya. Iska ba ta shiga bayan kwanon nan. Ƙamshin turaren da aka turara likkafani da shi ya fara ja da baya, abin da ke ƙarƙashinsa ya fara fitowa, kowa ya ji. Daga can baya, inda mata ke leƙowa ta ƙofofi, wata ta ɗaga murya.

"Afande! Wainar da ta ba ka ta fito maka ta hanci!"

"Ku ƙyale shi," in ji wata, "gadin kwakwar fenti yake, kada a sace!"

Kombo ya sake kiran Sufeto. "Ranka ya daɗe, gawa ce. Minti biyu sun tsallaka."

"Sun taso daga zauren taro yanzu. Minti goma. Kombo, na ce ko kaza."

Bai gama mayar da oba-oba ƙugu ba, mutumin da ke riƙe da gaban makara ta dama, wani tsohon tela, ƙafarsa ta zame a kwatami. Makara ta sunkuyo. Aka ji gawar ta motsa a ciki, ta bugi katako.

Kombo ɗan garin Kilwa ne. Tun yana shekara sha biyu mahaifinsa ya taɓa marinsa a kasuwa don makara ta wuce yana tsaye da rake a baki. Bai yi shawara da kowa ba, ko da kansa. Kafin telan ya kai ƙasa, sandar makara tana kan kafaɗar Kombo.

Na baya suka ji gaba ya ɗaga, suka yi abin da ake yi in gaba ya ɗaga. Nauyin ya turo shi. Taku ɗaya, taku biyu, ya ji kwalta a ƙarƙashin takalminsa.

"A karɓe ni!" ya ce. "Wani ya karɓe ni!"

Wani mutum ya zaburo, har ya miƙo kafaɗa. Mzee Pazi ya damƙe masa riga ta baya.

"Bar shi," ya ce, ba da ƙarfi ba, amma Kombo ya ji. "A canji kowa, ban da shi."

Sai a lokacin ya gane. A ɗaya tsallaken 'yan sandan kwantar da tarzoma ne a jere, sun riga sun ɗaga kulake. Suka ga kaki a ƙarƙashin makara, suka dubi juna, kulaken suka sauka rabi. Muddin yana wurin ba mai dukan kowa. Maza suka ɓarke daga kafar nan suna zagayawa gaba, suna jera sahu a kan kwalta, kafaɗu uku na canzawa yadda aka saba, tasa kaɗai ba mai kallonta.

Ransa ya ɓaci ƙwarai. Ya ji kamar ya zagi tsohon nan da duk zuri'arsa. Amma in ya zame, Bi Chiku ce za ta faɗi a tsakiyar titi, kuma wannan ba abu ba ne da zai iya ɗauka ya je gida da shi. Ya waiga gwargwadon yadda wuya ya bari.

"Shomari! Don Allah!"

Shomari na tsaye a bakin kafa. Shekara ashirin da uku suna cin tuwon masara a kwano ɗaya. Ya dubi Kombo, sai ya sunkuya ya hau gyaran igiyar takalminsa.

Suna layi na uku jiniya ta taso. Minti goman Sufeto ko huɗu bai cika ba. Babura biyu na gaba suka taka birki har taya ta yi ƙara, baƙaƙen motoci masu tutoci suka yi ta curewa a bayansu. Wata doguwar mota ta 'yan jaridar waje ta tsaya a gefe, tagoginta suka cika da kyamara. Kombo ya hango Sufeto Mwakalinga yana tahowa a guje, hula a hannu, baki a buɗe, amma shahada ta danne duk abin da yake faɗa. Sandar ta nutse masa a ƙashin kafaɗa. Ya daina waige, ya dubi ƙofar maƙabarta, ya ci gaba da taku, bakinsa na bin abin da sauran ke faɗa.

Sai da aka sauke ta a bakin kabari aka rabu da shi. Hannunsa na dama ya mutu, ya kasa ɗaga shi. Da hagu ya watsa ƙasarsa sau uku. Can a titi jiniya ta sake tashi, ta yi nisa.

Da aka shafa addu'a Mzee Pazi ya matso.

"Ka yafe mana, ɗana. Da ba rigarka ba, da yau gawa ba ɗaya za mu binne ba."

"Ka san abin da ka yi min, Baba?"

"Na sani."

Tsohon ya juya. Ya bi mutane. Suka yi ta fita ɗaya bayan ɗaya, wasu na taɓa masa hannu, wasu na kau da kai. Maƙabartar ƙofarta ɗaya, kuma motar Sufeto na tsaye a bakinta, injin a kunne. Ba a turo kowa ya kira shi ba. Ba su da gaggawa.

Kombo ya zauna a gindin wata bishiyar mangwaro. Wayarsa ta yi ƙara a aljihu. Tunu ce, muryarta cike da murna, ga hayaniyar mata a bayanta.

"Baban Zuhura! Mun gan ka a talabijin! Wallahi kai ne, har a tashar Turawa! Matar Saje ta ce an ce ɗan sanda mai imani, duk duniya ana nunawa. Yaran nan sai tsalle suke. Ka ji Zuhura, wai gobe za ta nuna wa 'yan ajinsu. Ko ƙarin girma za su yi maka? Kana ji na?"

"Ina jin ki."

"To me ya sa muryarka haka? Ka ci abinci kuwa?"

Ya dubi motar da ke bakin ƙofa. An buɗe murfin baya, an bar shi a buɗe.

"Tunu, ki fita daga cikin mutane tukuna."

Ya ji takunta, hayaniyar ta ragu.

"Na fito. Lafiya?"

"Ki je shagon bakin bariki, ki ce wa mai shi ya ajiye mana kwalayen zuba kaya. Manya. Kada ki gaya wa Zuhura yau, ki bar ta ta yi karatunta."