Tsakanin Rago da Tafki

Shekara goma sha tara Noreen Pascoe ta yi tana rubuta wa Gavin Tuckwell abin da zai ba shi mamaki a shirinsa na barkwanci na talabijin. Shirin dare ake ce masa, amma da ƙarfe huɗu na yamma ake ɗaukarsa a Sydney, rana na dukan bango. Ita ke kiran baƙo a waya tun saura kwana biyu, ta tatse labarinsa, ta jera a kati: nan tambaya, nan dariya, nan Gavin zai dafe ƙirji kamar bai taɓa ji ba.

Baƙon ranar Col Brannigan ne, wani tsoho mai aske gashin tumaki daga Dubbo. Labari ɗaya ake so a bakinsa, na ragon da ya ja shi har cikin tafki.

A ɗakin jira ya faɗa wa Noreen shi ba rago ya kawo shi ba. Ƙanensa Merv na Perth, shekara goma sha ɗaya ba ya ɗaga masa waya, amma shirin nan ba ya wuce shi. Zai bari sai ƙarshen hira, ya nemi gafararsa.

Noreen ta murza idonta. Ta san in an zo tace hoto, ƙarshen hira ake fara yankewa.

"Dattijo, in ka bari sai ƙarshe, da bango ka yi magana. Minti shida gare ka."

"To 'yar nan, ni kuka gayyata ko ragon?"

"Ragon. Kai rakiya ka yi masa."

Sai ta koya masa abin da ba ta taɓa koya wa baƙo ba. Ya faɗi saƙon ƙanen a tsakiyar labarin ragon, da numfashi ɗaya, kafin ya kai inda ya faɗa tafkin. In suka yanke wurin, dariyar ta tafi, kuma dariya ba sa iya zubar da ita.

Haka ya yi. Da labari ya kai inda rago ke janye da shi, ya ce, "Merv, laifina ne, ka kira ni," sai tsundum cikin ruwa. Mutane suka kwashe da dariya. Gavin ya dafe ƙirji daidai inda katin ya ce.

Mai tace hoto ya gwada sau uku, wurin ya ƙi yankuwa. Ya harari Noreen, ya bar shi.

Ita kuwa ta jawo katin gobe. Wata mawaƙiya ce, da labarin karenta.