Kwado Uku a Kan Waya

Mijina mai walda ne, kuma a ganinsa babu matsalar da ƙarfe ba ya magani. Ranar da malamar su Auta ta ce wa iyaye su sa wa wayoyin yara makulli mai ƙarfi, bai tsaya jin ƙarshen zancen ba, bare ya san lambar sirri take nufi. Ya dawo gida da akwatin ƙarfe mai kwado uku, har da ɗan rami na wayar caji, ya kulle wayar Auta a ciki.

"Yanzu in ga ɗan iskan da zai shiga," in ji shi. "Ni a wurina, duk wanda ya bar ɓarawo ya shigo, shi ne ɓarawon farko."

Auta, mai shekara goma sha uku, ta sunkuyar da kai. Na ɗauka haushin rabuwa da waya ne.

Wayar ta yi ta kuka a cikin akwati kamar ƙwaro a gwangwani. Maƙwabta suka zo kallo, biyu ma suka ce a ƙera musu. Maigida sai hura hanci yake yi. Ita kuwa Auta ta daina cin abinci, duk lokacin da akwatin ya yi ƙara sai ta zabura.

Rana ta huɗu na same ta a bayan ƙofa tana goga wa kwadon zarto, tana kuka.

"Mama, ƙawata ta waya ba yarinya ba ce. Mun haɗu a wajen wasan waya, ta ce sa'ata ce. Na tura mata hotona da kayan makaranta. Ashe babban mutum ne. Ya ce in ban amsa ba zai zo ƙofar makaranta, in kuma na faɗa zai watsa hoton."

Na ƙwala wa uban kira ya kawo makullai. Ashe bawan Allah ya adana su a wani akwatin, shi kuma makullin wannan ya jefa shi cikin na farko ta ramin caji don tsaro. Da injin yankan ƙarfe ya buɗe aikinsa, tartsatsi har kan labulena.

Ya karanta saƙonnin. Ni na ɗauki hotonsu, na toshe lambar mutumin, na kira malama ta sanar da hukuma.

"Auta, me ya hana ki gaya min?" in ji uban.

"Baba, kai ka ce wanda ya bar ɓarawo ya shigo shi ne ɓarawon."

Shekara ashirin ina tare da mutumin nan, ban taɓa ganin ya zauna dirshan ya dafe kai ba sai ranar. Tausayinsa ya kama ni, duk da ina jin kamar in rufe shi da duka.

Washegari bai buɗe shago ba. Ya tsaya a ƙofar makaranta sanye da hular walda, yara na ta dariya. Da aka tashi, Auta ta ratsa su ta kama hannunsa.