Sarkin Kawu Maikano

"Wasa ya ƙare, Kawu."

"Ya ƙare a gidan wa?" Kawu Maikano ya nuna min tulin 'ya'yana da ya cinye. "Ga sarauniyarka a gabana, ga dokinka. Me ya rage maka a kan allon?"

"Sarkinka ba shi da wurin zuwa. Duk inda ya taka, ci ne. Ƙa'idar ke nan."

"To kada ya je ko'ina mana. Sarki ne, ya zauna a gidansa."

Majalisa ta kwashe da dariya. Su dama abin dariya ba ya yi musu wuya.

Wasan ces ne, darar Turawa. Wani ɗan bautar ƙasa da ya koyar da mu lissafi ya nuna min, da zai tafi ya bar min allon. Tun da na gama sakandare, daga gonar masara sai shi. A duk faɗin garinmu Ƙofa mutum ɗaya ne ya yarda ya zauna gabana: Kawu, yayan mahaifiyata, gwanin dara na gindin durumi. Sauran cewa suka yi gardi da ni ina wasan 'yar tsana.

Ba laifi, nan da nan ya riƙe tafiyar kowane ɗa. Amma kansa na dara ne, wanda ya fi ci shi ne gwani. Duk abin da ka ajiye masa sai ya wafce, kamar kaza ta ga tsaba. Da gangan na miƙa masa sarauniyar. Har wani murmushi ya yi da zai ɗauka.

Balarabe mai faci ya zuro hannunsa mai baƙin mai, ya tura sarkin gefe. "Ga hanya nan, Baba."

"Cire hannunka. Nan ma ci ne."

"Kai komai ci ne a wurinka? To ci mana mu gani."

"Ba a cin sarki. Tsare shi ake yi."

"Ka ji wasan banza," in ji Balarabe. "An kama ɓarawo, an ce ba a duka."

Mutanen da a rayuwarsu ba su taɓa hango abin da zai faru bayan taku biyu ba, su ne ke min bayani.

Kawu bai yi dariya ba wannan karon. Ya daɗe yana kallon allon. Na san ya gani, don ba wawa ba ne. Ya matso, ya rage murya.

"Mudassir, ka ce canjaras. Gobe bayan la'asar sai mu sake."

Na dubi bakunan da ke kewaye da mu, jajaye da goro, suna jira.

"Ba canjaras ba ne, Kawu. An cinye ka."

Kawu ya tura min 'ya'yana da bayan hannu, ya karkaɗe riga.

"Madalla. Allah ya ba ka abokin wasa daidai kai."

Na kwashe kayana. Ni ke da gaskiya, kuma har gobe ni ke da ita.

Na koma bugawa ni kaɗai a zaure. In taka fari, in juya allo, in taka baƙi. Sai dai tarkon da kai ka kafa ba ya kama ka. Na gwada koya wa ƙanwata Hasiya, ta ce dokin ya yi kyau, ta tambaya ko zan bar mata shi.

Ran Juma'a da yamma na koma gindin durumi. Suna nan yadda na bar su, a durƙushe kan ramuka, suna musu a kan tsakuwa da kara. Kawu ya ba ni baya. Na gaishe shi, ya amsa bai waiwayo ba.

Na shimfiɗa allon kusa da ƙafarsa. Na jera 'ya'yan a hankali, na juya fararen wajensa don ya fara.

"Akwai mai bugawa?"